Bikon da Aka Aike Ni Satwa

Aikina ɗaurin kaya ne a wani shagon kago, inda ake aika kaya gida, a unguwar Al Buteen a nan ƙasar waje. Na daɗe a nan, bayana ya gaji, furfura ta cika mini gemu. Shi ya sa duk rigimar da ta tashi tsakanin mutanenmu sai a ce a kira Baba. Ba don na iya magana ba, na girme su ne kawai.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani direba ɗan Kano ya tare ni da leda a hannu. Matarsa ta bar gida, ya ce, yana so in je masa biko. A cikin ledar akwai abaya da turare da dabino.

"Me ka yi mata?"

"Ɗan saɓani ne, Baba. Ita kuma sai ta kai ni wurin hukuma, kamar ba mu da manya."

Na karɓa. A gida haka ake yi. Mace ta yi yaji, dattijo ya je ya ba da haƙuri, ta dawo.

Tana aiki a wani shagon ɗinki a unguwar Satwa, tana jera duwatsu a jikin abaya. Na same ta da wata 'yar Damagaram da suke aiki tare, wadda ta ba ta wurin kwana. 'Yar Damagaram ɗin ce ta fara hango ledar.

"Tsoho, yanzu har mutane kake ɗaurewa ka kai? Na ɗauka kwali ne aikinka."

Matar direban ta gaishe ni har ƙasa, ta kawo mini ruwa. Na fara abin da na saba, a yi haƙuri, zaman aure sai da haƙuri. Ta bar ni na gama. Sai ta juyo mini da kunnenta na hagu.

"Baba, maimaita ta nan."

Na maimaita.

"Ban ji komai ba. Tun ranar da ya buga kaina da bango ba na ji da shi."

Na ajiye ledar a ƙasa. 'Yar Damagaram ta ce ita ta kai ta asibiti, daga nan wurin 'yan sanda, daga baya aka ba ta takardar kariya. An hana shi zuwa inda take kwana da inda take aiki, an hana shi kiranta ko aiko mata da saƙo.

"Kai kuma saƙo ne, Tsoho, da ƙafafu da hula. In ta kai ƙara yanzu, shi zai sha wuya."

Matar direban ta ce, "Ba zan kai ƙara ba, saboda kai. Amma kada ka sake zuwa da kayansa. Kai kaɗai ka zo, ina so."

Na ɗauki ledar na hau bas. Na sami direban yana wanke mota, na ajiye masa a kan kujera.

"Ta ƙi?"

"Ni ne na ƙi. Kunnen mutum ka kashe kake ce mini ɗan saɓani? Kar ka sake aika kowa. Duk wanda ka tura zan ji, kuma da ƙafata zan raka ta wurin alƙali. Khalas, magana ta ƙare."

Ya yi ta surutu, wai na goyi bayan mace. Wasu a shago ma sun ce na ɓata al'ada. Na ce su je su ɗaure kwalayensu.

Bai sake aikawa ba. Ko tsoron Allah ne ko na a soke masa biza, ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Maganar auren tana gaban alƙali, iyayenta a gida sun sani, sun ce ta zauna inda take.

Kwanan baya na bi ta Satwa neman zare. Tun daga bakin titi na jiyo wata mace tana faɗa da mai yadi, wai ya ba ta shuɗi alhali baƙi ta ce. Na leƙa, matar direban ce, ita kaɗai, hannu a ƙugu. Ban taɓa sanin tana da murya haka ba. Mai yadin ya canja mata.