Turmin da Kaka Ya Bar Mini

Shekara huɗu ke nan da rasuwar kakana, Malam Audu na Gangaren Tudu, Allah ya jiƙansa. Jikokin wasu sun gaji gona, wasu babur. Ni turmi na gada, kuma ba na daka ba, na zama.

Kaka yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ƙwallon garinmu Keffi, tun ba ta da suna. A faɗarsa, makanikan Sabon Gari ne da yaran kasuwa suke haɗuwa bayan la'asar a wani fili mai gangara, inda duk wanda ya samu ɓangaren tudu ya riga ya ci wasa. Shi ne gola, amininsa Oga Emeka mai gyaran mota yana buga gaba. Rigunansu na farko kakata Iya ce ta rina a baho, ruwan sama ya kama su a fili, kowa ya koma gida da shuɗin ciki. Daga baya ƙungiya ta samu rajista da koci da bas, ta shiga babbar gasa, ta manta da Kaka. Shi bai manta da ita ba.

Ina firamare abin ya same ni. Wata Lahadi Kaka da Oga Emeka suna jin wasa a rediyo, ni kuma ina ta tsalle a tsakar gida. Kaka ya daka mini tsawa in nemi wuri in zauna. Na hau turmin Iya da ke kife. Zamana ke da wuya muka ci ƙwallo. Tsofaffin nan suka dubi juna, suka dube ni, shi ke nan 'yancina ya tafi. Iya ta ce ba a zama kan turmi, Kaka ya ce wannan turmin ya shiga aikin ƙungiya.

Bana muna cikin wani hali. In kana neman mu a teburin gasa, fara daga ƙasa, ba za ka wahala ba. Golanmu mutumin kirki ne, ba ya hana baƙo shiga. 'Yan gabanmu kuwa suna harbi kamar suna da saƙo ga jirgin da zai sauka Abuja. Duk da haka, kowace ranar wasa sai Oga Emeka ya lallaɓo da sandarsa, ya zauna a tabarmar Kaka, ya ce, "Oya Hamza, hau aiki." Abokaina suna gidan kallo suna ihun ƙwallon Turai, ni ina kan icce, ko fitsari babu izini sai an tafi hutun rabin lokaci. Na girma, turmi bai girma ba. A makaranta Sarkin Turmi suke kirana.

Nakan tambayi kaina me Kaka zai ce da ya ga wannan kakar wasa. Na san zai fara da alƙalin wasa, ya bi ta kan koci, sannan ya juyo ya ce ni ne na gyara zama.

Kwanan baya na kai kuka wajen Iya, na ce sa'ar nan ta ƙare, a sallame ni. Ta yi dariya har da share ido.

"Angona, wace sa'a? Kai ne ba ka zama wuri ɗaya. Kakanka ya ce in bai ɗaure ka da wani abu ba, zai mutu bai samu wanda zai ba labarin ƙungiyar nan ba."

Lahadin da ta wuce na sulale gidan kallo da murnar fita kurkuku. Benci mai faɗi, ga fanka, ga ihu. Amma na kasa kallo. Abin da nake gani kawai a raina shi ne Oga Emeka, wanda duk abokan wasansa sun riga shi tafiya, zaune shi kaɗai kusa da turmi babu kowa a kai. Kafin hutun rabin lokaci na dawo gida da gudu. Bai tambaye ni inda na je ba, ya dai matsar da sandarsa na wuce. An ci mu, kamar kullum.

To abin da ya rage na Kaka ke nan. Babu hotonsa a ofishin ƙungiya, babu sunansa a ko'ina. Akwai dai yaro ɗaya a Keffi da ya san labarin shuɗin ciki da fili mai gangara, kuma ya kasa tashi ko da an buɗe masa ƙofa.

Lahadi mai zuwa ne wasan ƙarshe. In aka ci mu, mun faɗa ƙaramar gasa. Ban gaya wa Oga Emeka maganar Iya ba. Na dai ce mata in tana da daka, ta gama da safe.