Sakan Biyar na Ustaz Bakur

Cikin duk shekarun da na yi a ma'aikatar buga faifai ta unguwar masana'antu a Jidda, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata Lahadi da aka kusa korar Usmanu a kan laifin da bai yi ba.

Ga waɗanda ba su san aikin ba: mawaƙi yakan kawo waƙoƙinsa, Usmanu ya jera su a uwar faifai, ni in saurara in sa hannu, sannan inji ya buga. Usmanu Bahaushen Sudan ne, iyalinsa na unguwar Waziriyya, kuma ma'aikatar ce kafilinsa, wato ita ta tsaya masa yake zaune a ƙasar. In aiki ya tafi, iƙama, takardar izinin zama, ta bi shi.

A makon ne wasu samarinmu haifaffun Jidda suka kawo aiki irin na mawaƙan Jamaika, wanda ake kira danshol. Al'adar masu wannan kiɗa ita ce a haɗa kiɗa ɗaya tak, mawaƙa da yawa su hau kansa, kowa da baitinsa. Waƙa goma sha huɗu, kiɗa ɗaya. Na saurare su kaf har kaina ya ɗau ciwo, na sa hannu.

Sai ga shugaban sashenmu, Ustaz Bakur. Shi ma ɗan Jidda ne, yana jin Hausa amma Larabci ya fi zama a bakinsa. Mutumin nan yana da wata ɗabi'a mai ban takaici: sakan biyar yake ba kowace waƙa, ya danna ta gaba. Ya danna ta ɗaya, ta biyu, ta uku, duk kafin mawaƙi ya buɗe baki. Ya cire abin kunne ya wurgar a tebur.

"Ya Usman! Waƙa ɗaya ka kwafa sau goma sha huɗu? Halas, an gama, miƙo katinka na aiki."

Usmanu ya ce, "Wallahi Ustaz, haka suke yi, kiɗan ne kawai..."

"Yalla, yalla!"

Raina ya ɓaci matuƙa. Usmanu da furfurarsa yana laluben kati a aljihu, a kan sakan biyar! Na mayar da sautin kan babbar lasifika, na ɗora tafina a kan madannin, na ce, "Ustaz, ni na sa hannu. In kora ce mu biyu ne. Amma sai ka ba ta minti ɗaya."

Ta farko, wani ya shigo da Larabci. Ta biyu, wani mai shaƙaƙƙiyar murya da Hausa. Ta uku, mutum biyu suna amsa wa juna. Ustaz ya ɗago ya ce, "To don me ba wanda ya gaya mini?"

Ban san lokacin da na ce "La ilaha illallahu" ba.

Bai ba da haƙuri ba, ya fita abinsa. Usmanu ya mayar da katinsa aljihu. Ya ƙara shekara uku tare da mu, amma bai sake yi wa Ustaz bayanin komai ba.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, abin da na koya ke nan: a jira murya ta shigo kafin a yanke hukunci. Mu ma'aikata ma duk shuɗiyar rigar aiki iri ɗaya muke sawa, kuma sakan biyar ɗin nan Ustaz yake ba mu.