Darnin da Ya Dafa Daddawa

Matso kusa ka gyara zama, in ba ka labarin yadda na ƙone darnin gidanmu da hannuna, kara ɗaya-ɗaya, alhali ban taɓa nufin ɓarna ba.

A Karare nake aure lokacin, sana'ata daddawa. Ni mace ce mai son tsakar gidanta, duk sana'ar da za a biyo ni har gindin murhu a saya, ita ce tawa. Babbar tukunyar da nake dafa kalwa ta uwar mijina ce. Ranar da ta ba ni ita ta faɗa mini ido da ido cewa aro ce, in sana'ar ta kasa riƙe kanta za ta aika da ita Zakka wurin ɗiyarta, wadda a cewarta ko ruwan zafi ta dafa sai an yi rububinsa. In tukunya ta tafi, ni kuma sai gona, rana ta gasa mini ƙeya.

Kalwa kuwa ba ta da kunya wajen cin wuta. Tun hantsi za ka ɗora ta, har la'asar tana nan da taurinta tana kallonka. A shekarar nan kuma mahara suka matsa, maza suka daina nisa cikin dajin Rugu. Damin icce ya rame, kuɗinsa ya yi ƙiba. Abin da daddawa ta kawo, mai icce ke kwashewa.

Sai na shiga tsimi. Na fara da ɓawon gyaɗa, amma shi kafin ka juya ya zama toka. Na roƙi Fulanin da suka sauka a gonarmu bayan kaka su bar ni in kwashi busasshen kashin shanu. Bafillatanar da ke kawo mana nono ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce in na ƙare ta kawo mini na tumaki. Kashin ya ci wuta kam, sai dai masu saye suka ce miyarsu na warin ruga. Na koma rage kaurin daddawar. Wata tsohuwa ta ɗaga guda ɗaya saitin rana, ta ce ga gonar mijinta can tana hangowa ta ciki.

Rannan wuta na neman mutuwa, kalwa ba ta nuna ba, sai idona ya sauka kan darnin karan dawa da ya raba mu da maƙwabta. Darni ne mai kauri, maigidana ya daɗe yana alfahari cewa shi ya kafa shi, maƙwabcinmu ma haka yake faɗa a bakin masallaci. Na ce a raina, kara biyar ba za su sa a gan mu ba. Na zare biyar. Washegari na zare goma, don biyar ɗin jiya ba su nuna ba. Na riƙa zarewa ta tsakiya ina gyara na waje da hannu, kamar mai rufa wa sanƙo asiri.

Abin da ban sani ba, matar maƙwabcin, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ita ma tsadar icce ta ishe ta. Ita ma ta ce kara biyar ba za su sa a gan su ba. Ni ina ci ta nan, ita tana ci ta can. Kullum muna gaisawa ta kan darni, ina gajiya, ina aiki, ya yara. Na lura muryarta na ƙara fitowa tangaran, na ɗauka kunnena ne ya washe.

Uwar mijina kuwa har ta fara yabona, wai na iya riƙon icce.

Wata Juma'a maigida ya ɗauki ƙwaryar ruwa ya shiga makewayi zai yi wanka. Makewayin a jikin darnin yake. Akuyar maƙwabta ta zo ta can gefen tana soshe-soshen jikinta yadda ta saba shekara da shekaru. Darni ya yi wata ƙara kamar tsoho zai miƙe, ya kwanta gaba ɗaya. Ga maigidana a tsugune da soso, ga maƙwabciya da mijinta da baƙuwa ta zo sayen mai. Maigidana ya wawuri faifan da nake shanya daddawa a kai ya kare kansa, daddawa biyu manne a jikin faifan.

Maƙwabcin ya kau da kai, ya ce, "Sannu da wanka, Malam."

"Yauwa, sannu da hutawa," in ji maigida, don gaisuwa ba a barinta.

Bayan an dawo daga masallaci aka ɗaga darnin, aka tarar fata ce kawai. Maza suka ce gara ce. Uwar mijina ta duba ta ce ita dai ba ta taɓa ganin garar da ke zare kara ta bar igiya a ɗaure ba. Na dubi maƙwabciya, ta dube ni, kowa ya sunkuyar da kai.

Da maza suka fita, maƙwabciyar ta tsallako ta ce, "Yaya, ke ma?"

Na ce, "Tun bayan kaka."

Ta dubi murhuna, na dubi nata, tsakaninsu bai kai taku uku ba, kowanne na cin daminsa. Kafin magariba mun kwaɓa laka mun haɗa murhu guda mai baki biyu a daidai inda darnin yake. Kalwa na dahuwa ta nan, gyaɗa na soyuwa ta can, dami ɗaya mu biyu, yau ni gobe ita. Daddawa ta koma kaurinta. Uwar mijina ta zagaya murhun sau biyu, ta ce wannan tukunya ta zauna nan, sai dai ɗiyarta ta Zakka ta je ta nemi tata.

Saura darni. Maigida ya ce ai tun asali na maƙwabci ne, shi zai gyara. Maƙwabci ya rantse cewa bai taɓa kafa ko kara ɗaya ba. Har damina ta sauka maigida na wanka a bayan rumbu, yana tari don a san yana nan. To kai da ka ji komai, a cikinmu mu huɗu da akuya, wa ya kamata ya kafa sabon darnin?