Madubin da Malam Buba Ya Zaɓa

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin gadin daji, amma in aka ce in faɗi ranar da har yau ba ta fita raina ba, ranar gwajin madubin bindiga zan faɗa. Ku da kuka shigo aiki kuka tarar da ƙananan madubai a kan bindigoginku ba ku san yadda aka zaɓe su ba. Bari ku ji daga bakin wanda ya yi adawa da su.

A lokacin ni ne mai kula da ma'ajin makamai a sansaninmu na ɓangaren Doguwa. Madubin bindiga, ga wanda bai sani ba, bututu ne mai gilashi gaba da baya, ana ɗaura shi a saman bindiga don ya jawo maka abin da ke nesa. Hukuma ta amince a saya mana, aka aiko da samfuri iri biyu. Babban yana jawo abu daga ninki shida har ashirin da huɗu. Ƙaramin daga ɗaya zuwa shida kawai yake. In ka juya zobensa zuwa ɗaya, abin da idonka ke gani shi za ka gani, ba ƙari. Ka'ida ita ce a naɗa mutum uku su gwada, su rubuta shawara. Aka naɗa shugaban sansani, wanda muke ce wa Yallaɓai, da ni, da Malam Buba shugaban sintiri, Bafulatani daga wata ruga a bayan Doguwa, wanda ya riga ni shiga aiki da shekara biyar.

A wannan daminar zukatanmu ba a kwance suke ba. Sau huɗu muna fita kan masu farautar sata, mu tarar sun tashi, tokar wutarsu da ɗumi. Kowa ya san akwai mai tsegunta musu, ba a dai san ko wane ne ba. Mutane suka daina hira a gindin ɗorawar sansani. In wayar wani ta yi ƙara, sai duk idanu su koma kansa. Ni kuwa idona ya tsaya a kan Malam Buba. Shi ya san kowace ruga, kuma in ya ɗauki waya da Fillanci yake magana, ba wanda ke jin abin da yake cewa.

Ran Litinin muka yi gwajin farko a filin harbi. Na saita maduban biyu a nisan mita ɗari, wato na daidaita su har inda gicciyen gilashi ya nuna nan harsashi ke sauka. Kowanne muka yi harbi ashirin da shi don mu ga ko girgizar bindiga za ta goce da saitin. Muka bar su cikin yayyafi don mu ga ko gilashi zai yi hazo. Duka biyun suka ci. Amma da babban ina iya ganin ƙusar da aka kafe allon da ita, sai ya shiga raina.

Malam Buba ya ce, "Yallaɓai, ƙaramin ya kamata mu ɗauka. Nan fili ne. A cikin daji da damina, yaushe rabon da mu ga abu a nisan da ya wuce mita tamanin? Babban nauyi gare shi, kuma in abu ya matso kusa ba za ka same shi a gilashi ba."

Na ce, "Malam Buba, an ba mu abin da za mu hangi ɓarawo tun daga kan dutse, ka ce mu ɗauki wanda ba ya gani da nisa?"

Ya ce, "Malam Isa, hange aikin abin hangen nesa ne, muna da shi. Wannan na harbi ne."

Maganar ba ta shige ni ba. Na ce a raina, wane ne zai ƙi a ga nesa in ba wanda ke da abin ɓoyewa a nesan ba? Washegari na rubuta takarda ta sirri na kai wa Yallaɓai. Na ce ina zargin Malam Buba, na kawo maganar waya da ta madubi a matsayin hujja. Irin wannan takarda in ta wuce sansani ta isa hedikwata, dakatar da mutum ake yi kafin a fara bincike. Yallaɓai ya karanta ya sa a aljihun teburinsa, ya ce, "Zan riƙe ta zuwa Juma'a. Ka tabbata, Isa?" Na ce na tabbata.

Ran Laraba aka kawo ƙara daga wani ƙauye a bakin daji. Wani gyado, wato aladen daji, da tarko ya raunata ya addabi gonakin masara, har ya farke wa wani manomi cinya. Dabbar dawa ba a harbinta sai da izini a rubuce. Yallaɓai ya sa hannu, ya ce wannan fitar ita ce gwajin ƙarshe: ni in ɗauki babban, Malam Buba ya ɗauki ƙaramin.

Muka isa da hantsi ran Alhamis, ana ɗan yayyafi. Mai unguwa ya tabbatar mana an hana kowa zuwa gona. Muka bi sawu ta gefen masara zuwa wata fadama mai ciyawa har ƙirji. Ina tafe ina lura da Malam Buba fiye da yadda nake lura da sawun.

Can sai ciyawa ta motsa a gabanmu, kamar mita arba'in. Na ɗaga bindiga. Madubina yana kan goma. Abin da ya cika gilashin wani baya ne mai launin toka, a jiƙe, yana sunkuye yana motsi. Na cire makullin bindiga, yatsana ya kama hanyar kunamarta.

Malam Buba ya sa hannu ya ɗaga bakin bindigata sama. A hankali ya ce, "Dakata. Mutum ne."

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fara zo mini shi ne na kama shi, ga mutuminsa yana karewa. Na ce, "Wane ne? Ka san shi ke nan?"

Ya ce, "Ban san shi ba. Na dai ga lauje."

Na sauke bindiga na duba da idona. Wani tsoho ne ya yafa buhun siminti a baya saboda ruwa, yana yankar wa awakinsa ciyawa. Daga baya muka ji kurma ne, shelar mai unguwa ba ta isa gare shi ba. Madubina ya nuna mini zaren buhun ɗaya bayan ɗaya, bai nuna mini hannu da laujen da ke gefe ba.

Ban gama dawowa hayyacina ba gyadon ya ɓarko daga ciyawa ta hagu, ya nufi inda tsohon yake. Na mayar da ido kan gilashi, ban ga komai ba sai kore. Ina ta laluben zobe na ji harbi ɗaya. Malam Buba ya bar nasa a kan ɗaya, idanunsa biyu a buɗe, yana ganin dabbar da tsohon a lokaci guda, ya jira har dabbar ta bar saitin tsohon sannan ya harba. Gyadon ya faɗi taku goma daga tsohon.

Muka kama hanyar komawa har muka kusa sansani. Na ce, "Malam Buba, akwai abin da na yi maka. Na rubuta takarda a kanka."

Ya ce, "Na sani. Tun ran Talata ba ka haɗa ido da ni ba."

Na ce, "Ka sani, kuma ka yarda ka shiga daji da ni, ina bayanka da bindiga?"

Ya ce, "Ni na roƙi Yallaɓai ya haɗa mu. In na yi maka rantsuwa ba za ka yarda ba. Na ce gara ka gani da idonka." Sannan ya ƙara da cewa, "Wayar kuwa, mahaifiyata ce. Ba ta jin Hausa sosai."

Da Juma'a na karɓi takardata a gaban Yallaɓai, na nemi gafarar Malam Buba a gaban duk wanda ke sansani, don na san ba Yallaɓai kaɗai na gaya wa zargina ba. Ya ce ya yafe. Mun ci gaba da aiki tare shekara tara, bai taɓa tayar da maganar ba, amma tsohuwar hirarmu ba ta dawo kamar da ba, kuma ban ga laifinsa ba. A rahoton kwamiti mu uku muka sa hannu a kan ƙaramin, muka ƙara da sharaɗin a riƙa tafiya da shi a kan ɗaya, sai an tabbatar da abin da ke gaba a ƙara.

Mai tseguntawa kuwa, ashe babu shi. Bayan wata biyu muka kama wasu mafarauta, suka ce motarmu suke lura da ita, don kullum rana ɗaya da lokaci ɗaya take shan mai a Tudun Wada kafin mu fita.

Ku da ke aiki yanzu, kada ku zaɓi kayan aiki a filin harbi kaɗai, ku kai shi inda za ku yi aiki da shi. Kuma in abokin aiki ya saɓa muku, ku tambaye shi dalili har ku gane kafin ku ɗauki biro. Ni a mako guda na kusa kashe tsoho, na kusa raba mutumin kirki da abincinsa, kuma duka biyun ina da tabbacin ina kan daidai.