Tafin Hannun Geji

A layin masu gyaran mota, gareji na ƙarshe kafin magudanar ruwa, nan Geji ya yi shekara talatin da ɗoriya yana kwance a ƙarƙashin motocin mutane. Ba da wannan suna aka haife shi ba. Tun yana mai faci a bakin titi direbobin manyan motoci suka lura cewa in ya ɗora tafinsa a kan taya mai zafi ya ce iska ta yi yawa, to ko an kawo gejin ƙarfe na auna iska abin da zai nuna ke nan. Suka ce ai kai ne gejin. Sunan ya bi shi har cikin gida, don matarsa ma in ya ɓata mata rai da shi take kiransa.

Daga faci ya koma gyaran ƙafar mota, wato sifirin da shokazoba da saitin taya. Inji bai taɓa burge shi ba. Yakan ce kowane wawa zai iya sa inji ihu, amma duk girman mota abin da ke taɓa kwalta bai wuce faɗin tafin hannu huɗu ba, kuma a kan wannan ɗan wuri ran mutum yake. Gwani ne, wannan ba mai musu. Sai dai ya san shi gwani ne, kuma bai yarda wani ya manta ba ko na minti ɗaya.

Yana da ƙane ɗaya, Auta, shekara goma sha tara tsakaninsu. Ubansu ya rasu Auta bai fara tafiya ba, don haka a hannun Geji ya tashi, shi ya koya masa riƙon sitiyari, shi kuma ya tsaya masa har ya yi iyali. Da aka buɗe filin tsere a bayan gari, wani attajiri ya sayo mota ya nemi direba marar tsoro, aka nuna masa Auta. Auta ya ce ya ji, amma da sharaɗi: ba mai taɓa ƙafar motar sai yayansa.

Geji yana da tsarinsa, ba ya kuma sauya shi don kowa. Sai ya ɗora motar a kan sikeli huɗu, kowace taya da nata, ya jibge buhunan yashi daidai nauyin Auta a kujerar direba, ya yi ta murɗa sifirin har nauyin ya rabu yadda yake so. In Auta ya yi ƙiba sai ya ƙara yashi, ya bi shi da gori mako guda. Bayan haka Auta ya fita fili ya yi zagaye biyar, ya shigo da gudu, tun kafin motar ta gama tsayawa Geji ya durƙusa. Wuri uku yake taɓawa a kowace taya: gefen ciki, tsakiya, gefen waje. In tsakiya ta fi zafi, iska ta yi yawa. In gefe da gefe suka fi, iska ta yi kaɗan. In kuwa gefen ciki kaɗai ke ƙuna, an karkatar da kan tayar ciki fiye da kima, kuma wannan shi ne mai kisa, don robar tana dahuwa a wuri ɗaya har ta fashe.

Mai motar ya taɓa sayo masa na'urar auna zafi, irin mai allura da ake cakawa a roba ta nuna lamba. Geji ya juya ta a hannu, ya jefa ta cikin akwatin sifana. Akwai wani makanike a rumfar da ke kusa da tasu a filin tseren, ana ce masa Mai Tabarau, shi da irin wannan na'ura yake aiki. Shekara shida Geji yana yi masa ba'a a gaban jama'a.

"Likita, yau ma an zo yi wa taya rigakafi? In ta yi kuka ka rarrashe ta."

Mutane su kwashe da dariya, Mai Tabarau ya sunkuyar da kai ya ci gaba da rubuta lambobinsa.

Ciwon suga ya shigo wa Geji ta ƙafa. Wata rana ya taka ƙusa a gareji, bai sani ba sai da ya ga jini a silifas. Bayan shekara biyu abin ya hau yatsun hannu, da farko kamar tururuwa na yawo, daga baya kamar ya sa safar hannu mai kauri da ba ta cirewa. Wata safiya yana riƙe da kofin shayi na ƙarfe yana hira, matarsa ta karɓa za ta ƙara masa, ta yi wurgi da shi tana yarfe hannu.

"Baban yara, wannan wutar ka riƙe haka?"

"Hannun makanike ne, kin ɗauka na malamin ofis ne?"

Ta yi dariya, shi ma ya yi. Amma a ranar ya je asibiti shi kaɗai. Likita ya soka masa tsinke a tafi, ya ɗora masa ƙarfe mai sanyi da mai ɗumi, ya ce ya bambance. Bai iya ba. Likita ya ce jijiyoyin sun mutu, ana iya hana abin gaba amma ba ya dawowa. Geji ya fito ya zauna a kan dakalin asibitin yana kallon hannunsa, daga nan ya koma gareji ya ci gaba da aiki, bai faɗa wa kowa ba.

A nan ne mutum zai so ya kama wuyan rigarsa ya girgiza shi. Na'urar tana nan cikin akwati, ko ledarta ba a cire ba. Ba wanda zai kore shi, Auta kuwa da ya ji sai dai ya yi kuka ya rungume shi. Amma shi Geji abin da yake gani shi ne fuskar Mai Tabarau, da ta duk waɗanda suka taya shi dariya shekara shida. Yana tsoron ranar da za a ce Geji ya koma neman geji. Sai ya ci gaba da durƙusawa yana ɗora tafi, yana ɗaure fuska kamar mai sauraro, alhali da ido yake karanta robar, da hanci, da abin da Auta ya faɗa. Gwaninta ta rufa masa asiri wata takwas, har ya fara yarda cewa dama can ba hannun ba ne.

Ranar tseren ƙarshe na shekara rana ta buɗe tun da hantsi, kwalta har tana walƙiya. Auta ya dawo daga gwaji ya cire hular kwano yana tsaki.

"Yaya, ba ta shiga doguwar kwanar nan. Ina murɗa mata dama, hancinta na tafiya waje kamar akuya mai taurin kai."

"Ƙafarka ce ke da nauyi."

"Wallahi ba ƙafata ba ce. Ka ba ni gaba mai kamu, ka ga aiki."

Geji ya sa jak, ya ƙara karkatar da kan tayar gaba ta hagu, wadda ke ɗaukar nauyin motar a wannan kwana, ya kuma rage mata iska kaɗan. Auta ya sake fita ya yi zagaye biyar, ya shigo yana buga sitiyari don murna, ya ce yanzu kam ta kama ƙasa. Geji ya durƙusa ya ɗora tafinsa a gefen ciki, ya matsa tsakiya, ya matsa waje. Bai ji komai ba, da taya da katako duk ɗaya. Hancinsa dai ya ɗan jiyo wani ƙauri, amma a irin wannan rana filin gaba ɗaya warin roba yake. Akwatin sifana yana bayansa, taku biyu. Ya ɗaga kai ya ga Mai Tabarau a rumfarsu, riƙe da allurarsa, yana kallon wajensu.

"Yaya, ya take?" in ji Auta daga cikin mota.

Geji ya miƙe ya goge hannu a wando. "Daidai take. Je ka."

A zagaye na goma sha ɗaya, Auta yana na biyu, tayar ta fashe a tsakiyar doguwar kwana. Motar ta tafi kai tsaye ta daki katangar ƙarfe, ta tashi sama, ta faɗo a kan rufinta. Geji ya yi gudun da bai yi ba tun yana saurayi, takalminsa ɗaya ya fita bai sani ba. Sai da aka yanka ƙofa aka zaro Auta. Yana numfashi, idonsa biyu, yana ta tambaya wa ya danne masa ƙafa ba ya jin ta.

Ƙashin baya ne ya karye. Daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da ya rage.

Mutane suka ce tayar ce marar kyau tun daga inda aka yi ta. Wasu suka ce zafin rana, wasu suka ce ƙaddara, mai motar har gida ya zo ba Geji haƙuri. Geji kaɗai ya ɗauki ragowar tayar ya duba. Gefen waje lafiya lau, tsakiya lafiya lau, gefen ciki kuwa ya dahu ya yi ƙuraje tun daga farko har ƙarshe. Mai Tabarau ya zo ya tsaya kusa da shi, ya dubi robar, ya dubi Geji, ya ce Allah ya ba Auta lafiya, ya wuce. Abin da ya fi ci wa Geji rai shi ne maganar Auta a gadon asibiti.

"Kada ka sa wa ranka komai, Yaya. Kai ka taɓa ta da hannunka ka ce daidai take. To ba daga wajenmu ba ne."

Wata huɗu Auta ya yi kafin a sallame shi a keken guragu. Geji ya daina zuwa filin tsere. Kullum da safe kafin ya buɗe gareji sai ya biya gidan ƙanen, ya ɗaga shi daga gado, ya zaunar da shi, ya gasa masa ƙafafu da ruwan ɗumi, ya murza su da mai kamar yadda likita ya ce. Unguwa ta ɗauka, ana cewa a samu ɗan'uwa irin Geji. Duk lokacin da ya ji haka sai ya rasa inda zai sa kansa don kunya.

Matar Auta ce ke haɗa ruwan kullum. Ran nan ƙaramar 'yarsu ta tashi da zazzaɓi, ta sauke tukunya daga wuta ta ajiye a ƙofar ɗaki.

"Yaya, ga shi nan, yanzu ya tafasa, sai ka sirka. Bari in ba ta magani."

Geji ya juye ruwan a baho, ya ƙara moɗa biyu na sanyi, ya tsoma hannu ya juya kamar yadda kowa ke yi. Ya ɗauki ƙafafun Auta ɗaya bayan ɗaya ya sa a ciki. Suka shiga hira. Auta yana cikin raha a ranar, yana tsokanar yayansa cewa yanzu sai a rage yashi, ya rame. Geji yana cuɗa masa idon sawu a cikin ruwan yana murmushin dole. Sun kai minti biyar a haka.

Matar ta shigo da tawul, ta leƙa bahon, ta saki ƙara. Ta tsoma yatsa ta fizge, ta ture bahon da ƙafa, ruwan ya malale a siminti yana tururi. Ƙafafun Auta sun yi jajir har ƙauri, fatar saman yatsun ta tashi ta yi bororo, wani wuri ta saɓule.

"Yaya! Yaya, ba ka ji ba? Dafa shi kake yi!"

Ta fita da gudu neman ruwan sanyi. Auta ya sunkuya ya dubi ƙafafunsa kamar na wani, don shi ba abin da ya ji. Sannan ya dubi hannuwan yayansa. Su ma sun yi ja har wuyan hannu, bayan yatsun ya kumbura, kuma Geji yana riƙe da su a gabansa ba tare da ko yarfewa ba. Auta ya daɗe yana kallonsu. Murmushin da ke fuskarsa ya tafi a hankali.

"Yaya, ba ka jin zafi?"

Geji ya sauke hannuwan a cinyarsa.

"Tun yaushe?" in ji Auta.

Ana jin matar a tsakar gida tana buɗe famfo, yarinyar tana kuka a ɗaya ɗakin. Geji yana durƙushe a cikin ruwan da ya jiƙe masa gwiwa, ya ɗago kai ya ce:

"Wata takwas kafin tseren."

Auta ya gyaɗa kai. Ya sa hannu a tayoyin keken, ya ja da baya har ya bugi bango, ya ce wa matarsa da ta shigo da bokiti, "Ki ɗaure min ƙafafun da kanki. Yaya zai tafi gareji."