Uwar Layi da Yatsun da Siminti Ya Cinye

Kafin bakwai da rabi na safe, Uwar Layi ta riga ta buɗe tagar ofishin rajistar katin ɗan ƙasa, ta goge gilashin na'urar ɗaukar zanen yatsa, ta fita tana bin layi tana tambayar kowa abin da ke tafe da shi. Tsoho da mai ciki takan jawo su gaba. Wanda takardunsa ba su cika ba takan sallame shi da wuri, kada ya wuni a banza. Daga nan sunan ya samo asali, har ya danne na yanka. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, bayan shekara talatin da biyar.

Da tafireta ta fara. Da aka kawo kwamfuta, sa'o'inta da dama suka nemi a sauya musu wuri. Ita kuwa ta sayi tabarau, ta zauna ta koya da yatsa biyu, ana dariya tana yi. Ta so sabon tsarin, domin katin da a da yake cin wata shida ya koma mako guda, ɓatan fayil kuma ya zama labari. Sai dai ta lura da abin da masu tsarin ba su hango ba: na'urar ba ta ganin yatsun da aiki ya shafe. Magina, majema, masu wankau, duk jar fitila take kunna musu. Shekara uku tana rubuta sunayensu tana aikawa hedikwata, amsa ɗaya ake dawo mata da ita, cewa na'ura ba ta kuskure.

Abokan aikinta ba su manta da wata Litinin ba, da aka shigo da wani tsohon magini, 'yarsa na riƙe da sandarsa. Yanar ido ta rufe masa ido biyu. Likitocin da suka zo yin aikin ido za su tafi ranar Alhamis, asibiti kuma ba ya buɗe wa kowa fayil sai da lambar kati. Uwar Layi ta jiƙa yatsunsa a ruwan ɗumi, ta shafa musu mai, ta gwada goman ɗaya bayan ɗaya. Jar fitila.

"Baba, kada ka tashi," ta ce. Ta hau bene, inda wani injiniya daga hedikwata yake duba wayoyi, ta tsaya masa a ka har sai da ya sauko.

Injiniyan ya gwada, ya sake gwadawa, jar fitilar dai. Ya jingina da bango, ya ce cikin raha, "Baba, wai ina ka kai zanen yatsunka?"

"Yana jikin bangon da ka jingina, ɗana," in ji tsohon. "Mu muka gina ofishin nan, tun ba a haife ka ba."

Injiniyan ya janye bayansa daga bangon. Can ya ce akwai hanyar amfani da hoton fuska kaɗai, amma an kulle ta. Ba a buɗe ta sai wani ma'aikaci ya sa sunansa ya tsaya wa mutumin, in kuma aka sami matsala, kansa za ta faɗa.

"Yaya, wata takwas ya rage miki," wata abokiyar aikinta ta raɗa mata. "Kada ki ɓata takardarki a bakin ƙofa."

"Takardata tana da ido ne da za a yi wa aiki?" in ji Uwar Layi. "Injiniya, buɗe."

An yi wa tsohon aiki ranar Laraba. Ita kuma ta sami takardar tuhuma, ta amsa ta da sunaye ɗari huɗu da ta tara. Bayan wata biyu aka buɗe hanyar a kowane ofishi. Da maginin ya dawo da ƙafarsa, ba sanda, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Ni da na ji murya na ɗauka wata zabgegiya ce. Ashe 'yar mitsitsiya ce ke!"

Uwar Layi, ke ce kika gane cewa sabon tsari bai cika ba muddin akwai wanda yake barin sa a waje. Ba ki ƙi na'ura ba, ba ki kuma ɓoye a bayanta ba, alhali ɓoyewar ta fi sauƙi, kuma babu mai zarginki da kin yi. Gwanar jama'a, mun gode. Allah Ya ba ki hutu mai albarka, Ya tsaya miki kamar yadda kika tsaya wa bayinSa.

Ku kuma da za ku gaji kujerarta, ranar da allon kwamfuta ya ce muku babu wannan mutumin, ku ɗaga kai ku duba. Yana nan tsaye a gabanku.