Kwat Uku a Watan Yuli

A layin shiga jirgin sama mai araha na Dublin zuwa Paris, dattijuwar da ke gabana ta jibga kwat uku, zufa na tsiyaya daga furfurarta. Dabarar ba baƙuwa ba ce, abin da ke jikinka ba a karɓar kuɗin kayansa. Takalmi na leƙowa daga aljihunta, ta kasa tsayawa wuri ɗaya don zumuɗi. Na ce a raina, jika za ta gani.

Mai duba tikiti ya karanta sunanta. "Mama Nuala, sanyi ne haka?"

"Ba ni hanya, ɗan nan!"

Tana miƙa fasfo, kwat ɗin suka buɗe. Farar rigar amarya ce a ciki, sabuwa fil.

"Tun ina budurwa angon yake jirana," ta ce. "Kai ma so kake ka ƙara masa jira?"